Ko Mu Sake Haihuwa?

Yau mun ajiye abin da muka shirya saboda wasiƙar da wata 'yar'uwa ta aiko mana. Ba za mu faɗi sunanta ko garinta ba. Ta ce ita da maigidanta sun yi aure ba tare da gwajin jini ba, gama a lokacin ba wanda ya gaya musu. Ɗansu na fari lafiya lau. Ta biyun, 'ya mace, tana da amosanin jini, wato sikila. Shekarunta shida, an riga an yi mata ƙarin jini sau uku. Yanzu maigida yana so su ƙara haihuwa, surukarta kuma tana cewa ciwon daga gidan iyayen matar ya fito. Tambayarta ita ce, in ta ce a dakata, ta rasa bangaskiya ke nan?

'Yar'uwa, bari mu fara da maganar surukarki. Mama, da girmamawa muke faɗa miki, ba haka ba ne. Yaro ba ya samun sikila daga gefe ɗaya. Kowane mutum yana gādon iri biyu na jini, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wanda ya sami A daga duka biyu, shi ne AA. Wanda ya sami A da S, shi ne AS, yana ɗauke da irin amma yawanci ba ya ciwo, yana noma, yana tsufa bai sani ba. Sai an sami S daga uba, S daga uwa, sa'an nan a haifi SS. Ke nan rabin abin daga ɗanki ya fito. Ba laifinsa ba ne, ba kuma laifin matarsa ba ne. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irin S, ba kuwa ƙasar da ta kai tamu yawan jariran da ake haifa da wannan ciwo.

A dā, in yara suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gida, sai a ce 'yan wabi ne, ko a nuna wata tsohuwa a ce mayya ce. Da yawa cikin yaran nan sikila ce ta ɗauke su. Jajayen ƙwayoyin jininsu sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ne zafin ƙashi yake zuwa. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, tasu kuwa kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa jini yake ƙare musu. A Yohanna sura 9 almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, suka fara neman mai laifi, ko shi ko iyayensa. Yesu ya wanke su duka, ya kuma juya ga taimakon mutumin. Gidan da yake da yaro mai sikila ba gidan la'ana ba ne.

To, yanzu ga lissafin da dole ke da maigidanki ku sani. Ku sa ƙwayar wake huɗu a ƙwarya, uku farare, ɗaya ja. Ku rufe ido ku ɗauki ɗaya. Haka kowane ciki yake in uba da uwa duka AS ne: ɗaya cikin huɗu zai zama SS. Amma ku lura da wannan, gama a nan mutane suke ruɗewa. Bayan an ɗauka, ana mayar da waken cikin ƙwarya. Wasu sukan ce, "Mun riga mun haifi mai ciwon, sauran ukun za su zo lafiya." A'a. Jan waken yana nan kowane lokaci. Akwai gidan da aka haifi biyar ba ko ɗaya, akwai gidan da uku a jere duka SS ne. In ma'aurata irinku suka haifi 'ya'ya uku, yiwuwar a sami mai ciwon ko da ɗaya ta fi rabi.

Shin zama a yi wannan lissafi rashin bangaskiya ne? Mu dai ba mu ga haka a Littafi Mai Tsarki ba. A Luka sura 14 Ubangiji da kansa ya yi misali da mai gini wanda yake fara zama ya auna ko abin hannunsa zai kai. A Matiyu sura 4 kuma, da Iblis ya ce ya diro daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi. Rufe ido a ce Allah zai kiyaye, alhali an san haɗarin, yana iya zama gwada Allah da sunan dogara gare shi.

Sai dai kada mu tsorata ku fiye da kima. Yau masu sikila suna girma, suna karatu, suna aure, wasu ma likitoci ne. Kwana cikin gidan sauro, allurar rigakafi, penisilin tun suna jarirai, folik asid, shan ruwa da yawa, da rufe jiki sosai lokacin hunturu, duk suna rage tashin ciwon. Akwai magani da ake kira haidroksiyuriya, wanda yake rage yawan tashin ciwon da ƙarin jini, amma sai likita ya rubuta yana kuma duba jinin. Dashen ɓargo yana iya warkarwa, an fara yin sa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, kuma sai an sami wanda ɓargonsa ya dace. Ku yi shirinku bisa abin da hannunku zai kai.

Ba za mu ba ku doka ba, gama Allah bai ba mu ita ba. Ma'auratan da suka ce biyu sun ishe su, za su zuba ƙarfinsu ga kula da yarinyar nan, ba su yi zunubi ba. Waɗanda suka auna, suka yi addu'a, suka yarda tare su karɓi wanda Allah zai bayar, su ma ba su yi zunubi ba. Abin da muka ƙi shi ne mutum ɗaya ya yanke wa gida. Ɗan'uwa maigida, wa yake kwana zaune a asibiti? Wa yake goya ta zuwa bakin titi da tsakar dare? Ka ji daga bakin matarka kafin ka ji daga bakin dangi. Kada kuma wani ya ba ka shawarar neman haihuwa a waje. In gidanku yana da wuri, akwai marayu a cikin danginku da ikkilisiyarku da suke bukatar riƙo.

Muna da magana ga fastoci da dattawa kuma. Ikkilisiyoyi da yawa yanzu suna neman takardar gwajin jinotaif kafin ɗaurin aure, wannan ya yi kyau. Amma neman ta mako biyu kafin biki, bayan an biya sadaki an ɗinka anko, wahalar da yara ne kawai. A koya wa matasa su yi gwajin tun kafin su fara nema. Su san kuma cewa ba shi ne gwajin rukunin jini na A, B da O ba.

'Yar'uwa, ku je tare wurin likitan da yake duba yarinyar, ku tambaye shi komai a gaban juna. Ku kai ɗanku na fari a gwada shi, a kuma maimaita a wani ɗakin gwaji dabam, gama akan yi kuskure. Muna addu'a dominku, da kuma domin yarinyar. Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu amsa wasiƙar wani saurayi wanda shi da budurwarsa suka gano duka AS ne bayan an sa rana.