Jawabi Ga Dattawa Da Shugabannin Ƙungiyoyi A Kan Sayen Kyamarar Ɗaukar Waƙoƙi

Sannunku da hanya, musamman waɗanda suka taso daga Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje domin su iso Lafagu da safiyar nan.

An ɗora mana nauyin bincike a kan kyamarar bidiyo da za a saya domin ɗaukar waƙoƙin ƙungiyoyinmu, mu kuma kawo rahoto. Kafin mu shiga batun na'ura, bari mu tuna abin da ya sa maganar ta taso. Waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi ba su cikin haɗari, gama a rubuce suke. Amma akwai waɗanda iyayenmu mata suke rerawa da Busanci da Kyanganci da Dandanci, da na 'yan'uwanmu da suka zo daga ƙasar Zuru suna yi da Dakarci, waɗanda ba a taɓa rubuta su ba. Kyanganci kuwa kun san halin da yake ciki, yawancin Kyangawa sun koma Hausa ko Dandanci. Duk tsohuwar da muka raka makwancinta, da waƙoƙinta take tafiya.

Sai mu faɗi laifinmu a gabanku. Shekaru biyu da suka wuce mun karɓi kuɗin da ya kai na buhun shinkafa uku daga baikon girbi, muka sayo wata kyamara sabuwa fil a kwali, an rubuta mata 4K da manyan baƙaƙe, ba ta da sunan kamfanin da kowa ya sani. Mai shagon ya haɗa mana da jaka da fitila kyauta, muka dawo muna murna. Da muka ɗauki waƙar mata a daren Kirsimeti, fuskoki suka fito kamar an shafa musu toka, murya kuwa ba a jin komai sai gwaf-gwaf na ganga. Araha ba ta ado. Mun ji kunya, ba ma so wata ikilisiya ta sāke faɗawa ramin nan.

Abin da muka koya daga wannan hasara shi ne, a wajen ɗaukar waƙa kunne ya riga ido. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu in yana jin kalmomin, amma ba wanda zai zauna minti biyar yana sauraron kwaramniya. Ɗan makirufon da ke jikin kyamara abin da ya fi kusa da shi yake ɗauka: tarin mai ɗaukar hoto, kukan jariri, rurin janareta a bayan taga. Har wa yau yana rage ƙarfinsa da kansa in ya ji ƙara mai yawa. Da an buga ganga ko tulu sai ya ja baya, muryar mai ba da waƙa ta nutse, kafin ya dawo an sāke bugawa. Shi ya sa tambaya ta fari da za ku yi wa mai sayarwa ita ce: akwai ramin da ake cusa makirufo na waje? In babu, to a sani sai an nemi rakoda dabam.

Ga misali. Sony HDR-CX405, wadda ta fito a 2015, ƙaramar kyamara ce mai sauƙin riƙewa, tana jawo hoto kusa har sau 30, ana kuma samun ta a gwanjo. Amma ba ta da wannan rami. Canon Vixia HF R800 tana da shi, Panasonic HC-V770 ma tana da shi, ko da yake ta fi su tsada. Ba tallar kowa muke yi ba, mun ambace su ne domin ku ga cewa kyamarori na kamfanoni sanannu ma sun bambanta a wurin da ya fi damun mu.

Mu dai shawararmu, ko wace kyamara aka saya, a ware kuɗin ƙaramar rakoda irin su Zoom H1n ko Tascam DR-05X. Girmansu bai wuce tocila ba, da batir ƙanana biyu suke aiki, irin wanda ake samu a kowane tebur a kasuwa. A kafa ta kamar taku uku ko huɗu a gaban mawaƙa, sama da kai kaɗan, masu ganga da caki kuma a matsar da su gefe. Wanda ke kula da ita ya sa abin sauraro a kunne tun daga farko har ƙarshe. Kafin a fara kowace waƙa, mutum ɗaya ya tsaya a gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Da wannan tafin ne yaranmu za su daidaita murya da hoto daga baya, ko a kwamfuta ko a waya. Inda akwai miksa ana iya jawo waya daga gare ta zuwa rakoda, sai dai miksa ba ta jin amshin jama'a, waƙarmu kuwa rabinta amshi ne.

Akwai wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Wutar lantarki a Nijeriya da Benin tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Kyamarar da aka ƙera domin kasuwar Amurka, kamar ita Vixia ɗin, in aka yi ɗauka da ita da dare a ƙarƙashin wasu fitilu, sai a ga hoton yana ƙifce-ƙifce ko wasu layuka suna ratsa shi. Wadda aka yi domin Turai ta fi dacewa da mu. A duba cikin saitinta a ga 25 ko 50, ba 30 ko 60 ba. Kayan da suka biyo ta Kwatano zuwa Malambil sau da yawa na Turai ne, kada kuma Faransancin da ke allonsu ya tsorata kowa, ana juya shi zuwa Turanci. Sai dai a yi lissafin canji da kyau, gama tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 sefa ta yi mana nauyi, abin da muke ɗauka araha a ƙetare ba lalle ya fi na Sakkwato ko Kano sauƙi ba.

Matasanmu sun fi sha'awar manyan kyamarorin hoto masu dogon baki, irin na masu ɗaukar biki. Hotonsu yana da kyau, ba musu. Amma tsofaffin cikinsu, waɗanda kuɗinmu zai iya kaiwa, suna tsayawa da kansu kafin minti 30, saboda harajin da Tarayyar Turai ta riƙa ɗora wa na'urar da ta wuce haka. Wasu ma kamar minti 12 suke yi su yanke. Ku da kuka san yadda mata suke jera waƙa bayan waƙa ba hutu, kun san ba za ta yi mana ba.

Wani dattijo ya tambaye mu, to wayar hannu fa? Tambaya ce mai kyau. Da rana, a inuwar bishiya ko a majami'ar da aka buɗe tagoginta, Tecno ko Infinix mai kyau da aka kwantar a kan ƙafa-uku, ga rakoda a gefe, ta fi waccan kyamarar da muka sayo nesa ba kusa ba. Rauninta shi ne duhu, da zafin bazara da ke sa ta ɗauki zafi ta tsaya, da kiran da zai shigo ana tsakar waƙa in ba a kashe layi ba. Ikilisiyar da ba ta da ƙarfi ta fara da haka, kada ta ci bashi.

Kada kuɗin duka su ƙare a kan kyamara. Ƙafa-uku wajibi ce, hannu yana gajiya. Batir ya zama biyu. Katin ajiya na gigabait 32 yana ɗaukar kusan awa 4 na hoto mai kyau, amma jabunsa ya yi yawa a kasuwa: zai nuna yana ɗauka, a zo kallo a tarar ba komai. A cika shi a gwada tun kafin ranar taro. Haka ma kyamarar gwanjo, kada a biya sai an ɗauki minti 20 a nan cikin shagon, an ja hoto kusa da nesa, an haska tocila a idonta a ga ko akwai farin zare-zare a ciki. Wannan furfura ce ta danshi, mu da muke kusa da kogin Kwara kuwa sai mun kiyaye da damina, kamar yadda za mu kiyaye ƙurar hunturu. A ajiye ta a roba mai murfi.

Dattawa, wannan sashe naku ne. Ba kowa ne ke so fuskarsa ta fita a Facebook ko WhatsApp ba, wasu kuma suna da dalili mai nauyi wanda ba sai mun faɗa a nan ba. A nemi izini kafin a ɗauka, a sāke nema kafin a tura, yara kuma sai iyayensu sun yarda. Wanda bai so ba, a ɗauki muryarsa kawai. A farkon kowace waƙa a bar mai ita ta faɗi harshen da ma'anar da bakinta, da wurin wanda ta koya.

Abin da muke kawowa gabanku ke nan: a fara sayen rakoda da ƙafa-uku cikin wannan wata, kyamara kuma bayan girbi. Kayan su zauna a hannun ma'aji, da littafin da mai ɗauka zai sa hannu. Kowace ɗauka a ajiye ta wuri biyu, a gari biyu. Shugabannin Zumuntar Mata kuma muna roƙo ku ba sakatare sunayen tsofaffin da ya kamata a fara da su kafin a tashi yau.