Abin da ayarinmu ya gani a gaɓar tekun Muritaniya



Shugaba, dattawan ƙungiya, hajiyoyinmu, 'yan'uwa 'yan kasuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana. An ce mu ba da bayanin tafiyar da kuka tura mu, kuma tun da kuɗin asusu aka kashe, haƙƙinku ne ku ji komai.

Motoci uku muka yi ayari. Mun ƙetare kogin Senegal a Roso, muka kwana biyu a Nuwakshot, sannan muka miƙi hanyar arewa zuwa Nuwadibu, wajen kilomita 470. Kwalta ce, amma rairayi yana hawa kanta, kuma raƙuma ba su san hon ba. Wanda duk zai bi ta kada ya yi tafiyar dare. Shingayen jandarmomi suna da yawa, kowanne sai ya nemi takarda mai ɗauke da sunanka da lambar fasfo da ta mota. A buga kwafi da yawa tun daga gida, a riƙa miƙawa ana wucewa. Kuma a tuna Muritaniya ta fita daga ECOWAS tun shekarar 2000, don haka a bincika batun takardu da kwastan kafin a ɗaura kaya.

Ga wani abu da zai iya cin jarin mutum a zama ɗaya. A farkon 2018 sun canza kuɗinsu, ugiya goma ta da ta koma ugiya ɗaya. Amma har yanzu mutane da yawa da tsohon lissafi suke ciniki. In aka ce maka dubu, ka tambaya: tsohuwa ko sabuwa? Babu kunya a wannan tambayar.

A kusan tsakiyar hanya akwai garin Shami. A nan muke so iyayen yara su saurara da kyau. Gari ne sabo, an kafa shi a 2012, kuma tun da haƙar zinariya ta ɓarke a 2016 ya cika da mutane. Can cikin hamada akwai babbar ma'adanar Tasiyast ta kamfanin Kinross na Kanada, ita wannan a killace take. Sauran jama'a kuwa ramuka suke haƙa da hannu, su kawo duwatsu a buhuna zuwa injinan niƙa na Shami, a niƙe, a wanke da zaiba, a ƙona. Waɗanda suka san abin da ya faru a Jado daga 2014 ba sa bukatar dogon bayani. Mun tsaya a wurin niƙan, mun ga samari hannu tsirara cikin ruwan zaiba, suna shaƙar hayaƙinta, ba takunkumi. Zaiba kuwa jijiyoyi da ƙoda take ci, a hankali, sai mutum ya koma gida ciwon ya bayyana. Mun san akwai matasanmu da suka fara tambayar hanyar can. A ganinmu, mai sayar da ruwa da abinci da buhuna a Shami ya fi mai shiga rami kwanciyar hankali, kuma ƙungiya kada ta ranta wa kowa kuɗin zuwa haƙa.

Daga Shami mun saki kwalta muka nufi teku, da ɗan jagora, zuwa gandun Bank Dargan. Wasu sun yi gunaguni cewa ba yawon buɗe ido aka tura mu ba. To, Alhaji, kuɗin man wannan ranar daga aljihunmu ya fito. Gandun an kafa shi a 1976, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1989. Hamada ce take gangarowa har cikin ruwa, ba itace, ba inuwa, sai tsuntsaye da suke tahowa daga Turai da Saberiya su yi hunturu, in suka tashi sai ka ce hadari. Masuntan wurin, Imragen, ba a yarda su sa inji a jiragensu ba, iska ce take tura su da ƙyalle. Matansu suna busar da kifi da ƙwan kifi. Mun sha shayi kofi uku a tantinsu, mun yi sallar magariba a bakin ruwa.

Kafin Nuwadibu muka haɗu da jirgin tama. Daga Zuwerat yake tasowa, kilomita 704, a kan layin da aka buɗe a 1963, kamfanin SNIM ke tafiyar da shi. Tsawonsa ya kan haura kilomita biyu. Mun fara ƙirga taragu, muka gaji muka bari. Mutane suna hawa kan tamar kyauta, da awakinsu da buhunansu, su sauka baƙi ƙirin. Gargaɗi ɗaya: arewacin layin dogon akwai nakiyoyi tun yaƙin Sahara ta Yamma. Kada direba ya ce zai yanke.

A Nuwadibu kuma muka duba abin da ya kai mu, wato busasshen kifi mai gishiri. Akwai shi, yana da kyau, kuma 'yan Gana da 'yan Najeriya sun daɗe a harkar. A 2013 aka mayar da garin yankin ciniki na musamman. Sai dai masana'antun garin kifi suna kwashe ƙananan kifaye da yawa, abin da ke matse mai ƙaramin jari. Ga nisa, ga iyakoki da dama kafin kaya su iso kasuwanninmu.

Shawararmu ita ce a gwada mota ɗaya tak, lokacin sanyi, mutum biyar ko shida su haɗa jari, ba daga asusu ba. Farashin da muka samo da kuɗin dako suna hannun sakatare. Mai sha'awa ya ba da sunansa kafin taron wata mai zuwa.