Ƙari a Ƙwaƙwalwa da Nauyin da Ke Kan Iyali

Jama'ar Mubi da sauran 'yan ƙasa baki ɗaya, ƙari a ƙwaƙwalwa wani tsiro ne da ke girma cikin ƙoƙon kai yana danne ƙwaƙwalwa. Da yawansa ba sankara ba ne. Alamunsa sun haɗa da ciwon kai mai tsanani da asuba, da amai, da gani dishi-dishi, da farfaɗiya ga babban da bai taɓa yinta ba. Sau da yawa akan ce iska ce, a yi ta hayaƙi har lokaci ya ƙure.

Wanda ya ga haka ya garzaya asibitin Mubi, inda likita zai iya tura shi asibitin koyarwa na Yola ko na Maiduguri a ɗauki hoton kansa. Tun 1962 Farfesa Latunde Odeku ya soma tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan, kuma mutane da dama sun tashi bayan irin wannan aiki.

Bayan tiyata maras lafiya kan yi mantuwa ko saurin fushi, duk larurar ce ke jawowa. Iyali su yi haƙuri da shi, su raba jinya tsakaninsu kada ta kwanta kan matarsa kaɗai. Kada kuma a daina maganin farfaɗiya sai da iznin likita.