Koto da Ƙugiya: Jawabi ga Jama'ar Kafin Hausa



Mun tara ku yau a kan maganar kafso, wanda a ke sayarwa a tebur kamar goro. Kun sha jin an ce maganin yanzu ba ya ji. To, sau da yawa ba maganin ya lalace ba, ƙwayar cuta ce ta yi makami.

Ga yadda abin ya ke. A 1928 Fleming ya gano fenisilin a Ingila. A 1940 kuwa, tun maganin bai bazu ba, Abraham da Chain suka tarar waɗansu ƙwayoyin cuta suna fitar da wani sinadari mai datse shi, ya zama banza.

Masana suka yi dabara irin ta masuntan kogin Haɗejiya, watau koto da ƙugiya. Suka samo wani abu mai kama da fenisilin, sunansa kilabulanik. Sinadarin ƙwayar cuta ya kan cafke shi, sai ya maƙale, maganin gaske ya wuce ya yi aikinsa. Haɗin nan shi ne Augmentin, wanda ya fito a 1981.

Amma a 2008 aka ga wani sabon sinadari, NDM-1, wanda bai kula da koton nan ba. Ko avibactam, koton da Amurka ta yarda da shi a 2015, bai kama shi ba. A 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda cututtukan da suka gagari magani.

Jama'a, ƙera sabon koto aikin shekaru ne da dukiya mai yawa, kuma in ya fito ba talaka zai fara samu ba. Wanda ke hannunmu shi za mu tattala. Duk sa'ad da muka sha kafso ba dalili, ƙwayoyi masu rauni su kan mutu, masu makami su samu fili su hayayyafa.

Saboda haka kada mu sha kafso domin mura, ba ya maganinta. Kada mu sayi biyu mu tsaya. Mu ga likita, mu sha yadda ya ce. Ku masu sayarwa kuwa, ku ji tsoron Allah: ran da ɗanku ya kwanta, maganin nan za ku nema.

Allah ya ba mu lafiya, amin.