Makaranta Mai Zaure

 

Duk wanda ya bi ta gaban firamaren gwamnati bayan La'asar ya san abin da zai tarar: ƙofa a garƙame, azuzuwa wayam. A yawancin ƙauyukanmu, daga Bakori zuwa Kafur da Malumfashi, da wuya a sami ginin da aka kashe wa dukiyar jama'a kamar makaranta, amma aikinta na rabin yini ne, ga Asabar da Lahadi, ga dogon hutu. Wasu wuraren Islamiyya kan ari aji da yamma, wannan ya nuna buƙatar tana nan. Matsalar ita ce tun daga zanen ginin ba a yi tunanin babba zai shigo ba.

Karatun manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u ta tura jajoji suna karantar da mata a ƙauyuka tun ƙarni na 19. A shekarun 1950 an yi Yaƙi da Jahilci a faɗin Arewa. A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da kuɗin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe, malaman gona suka bazu cikin karkara. Koyarwar ta yi amfani, sai dai ba a gina mata mazauni na dindindin ba. Yau gindin bishiya, gobe ajin aro, ranar da kuɗin shiri ya ƙare sai karatu ya bi shi.

A Ingila wani jami'in ilimi, Henry Morris, ya ga yadda karkarar Cambridgeshire ke tsiyayewa zuwa birni. A 1924 ya ba da shawarar makarantar ƙauye ta zama ta kowa, yaro da tsoho. An buɗe ta farko a Sawston a 1930. Ta Impington kuwa, wadda aka buɗe a 1939, an yi mata ɓangaren manya na musamman, da ɗakin karatu da babban ɗakin taro. Abin koyi a wurinsa shi ne da magina ya fara magana, kafin a haƙa harsashi.

Na san abin da ke ran wasunku: tsaro. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, babu uban da zai yarda a bar makaranta a buɗe kowa ya shiga. Ni ma ba zan yarda ba. A ja katanga, a ƙara mata tsawo. Amma Bahaushe ya daɗe da warware wannan a gidansa. Baƙo yakan zauna a zaure, a gaisa, a yi karatu, a yi ciniki, bai taɓa ganin cikin gida ba. Haka nake so a zana makarantunmu: ɗaki biyu ko uku a jikin katanga, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na kallon harabar yara. Da safe a rufe ta titi, yara su yi amfani da ɗakunan. Da yamma a rufe ta ciki, gari ya shigo.

Sai mu duba abin da za a zuba a ciki, don nan ake yin sakaci. Ku kwatanta magidanci ɗan shekara hamsin, manomin masara daga Dandume, an ce ya zauna a bencin ɗan aji biyu. Gwiwarsa ba ta shiga ƙarƙashin teburi, babbar rigarsa na jan ƙasa, 'ya'yansa na leƙe ta taga. Ba zai dawo ba, kuma ba ƙin karatu ya yi ba. Alhali wannan mutumin ne ke riƙe da kwalbar maganin feshi, yana jujjuya ta, bai san murfi nawa ake zubawa a ruwa ba, sai abin da mai shago ya gaya masa. A ba shi kujerar babba da teburin da ake iya ɗagawa, a sa fitilar sola don karatun bayan Magariba, a ware fili kaɗan inda malamin gona zai gwada iri daga cibiyar binciken noma ta Samaru kowa ya gani da idonsa.

Iyaye mata kuwa, ko an gina ɗakin zinariya, muddin babu bayan gida nasu mai ƙofa da ruwa, babu rumfar ajiye goyo, ba za su zauna ba, mazajensu ma ba za su bar su ba. Lokacin karatu shi ma ya bi damina da rani. Wanda ya kira manomi aji a watan noma, shi kaɗai zai zauna. Bayan kaka ake samunsa.

Saura batun makulli da kuɗi. Ba adalci ba ne a ɗora wa shugaban makaranta gadin dare a kan albashinsa na rana. Kwamitin kula da makaranta, da mai unguwa da ƙungiyoyin manoma da na mata, su rubuta yarjejeniya: wa ke buɗewa, wa ke shara, wa zai biya in batir ya mutu. Roƙona gare ku, duk ranar da aka zo gina sababbin azuzuwa a unguwarku, ku nemi ganin zanen kafin a sauke bulo, ku tambayi ina ƙofar manya take.