Tsagar da Ke Cin Bango: Cire Tsohon Silikon da Sa Sabo a Banɗakunan Batsari da Safana



Gabatarwa

Wannan takarda za ta tsaya ne a kan siririn layi da bai kai kaurin ɗan yatsa ba, wato farin gam ɗin nan da ake kira silikon, wanda ake shafawa inda bahon wanka ko na wanke hannu ya haɗu da bango, da kuma kusurwar da tayil ɗin ƙasa ya haɗu da na bango. Matsayata ita ce silikon ba aikin sau ɗaya ba ne. Yaɓe ne irin na zamani, yana tsufa, kuma idan ya tsufa cire shi ake yi gaba ɗaya kafin a sa sabo.

Iyayenmu a ƙasar Ruma da Runka ba su taɓa wasa da ruwa ba. Kafin damina sai an yi wa katanga yaɓe, an gyara indararo, an jiƙa makubar ɗorawa an shafe bango da daɓe. Masu hali kuma su sa laso na katsi da dafara da gashin jima. Yau an koma bulo da siminti da tayil, banɗaki ya shigo cikin ɗaki, amma al'adar duba gini kowace shekara ba ta shigo tare da shi ba. Ga shi kuma rashin tsaro a yankin dajin Rugu ya sa 'yan uwa da yawa sun baro ƙauyuka sun dawo cikin gari, har banɗakin da aka gina don mutum biyar ya zama na mutum goma sha biyar.

Abin da ido ya gani

Na taɓa shiga ɗakin wani ɗan uwana na tarar fentin bangon da ke bayan gado ya kumbura, yana zuba kamar garin rogo, ƙasan katifa yana warin danshi. An zargi rufi, an hau an duba, lafiya lau. Da muka zagaya banɗakin da ke bayan bangon sai muka ga layin silikon ya yi baƙi, ya rabu da tayil har farce na shiga. Mai gyaran da aka kira a baya ya ɗora sabo ne a kan tsohon. Da na ja bakinsa sai ya taho gaba ɗaya kamar igiya, ƙarƙashinsa jiƙe sharkaf. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka yake.

Sanin kayan aiki

Asalin silikon daga sinadarin da ke cikin yashi ne. Baturen Ingila Frederic Kipping na Nottingham ne ya raɗa masa suna a farkon ƙarni na 20, kamfanin Dow Corning na Amurka da aka kafa a 1943 kuma yana cikin waɗanda suka fara sarrafa shi don kasuwa. Siminti idan ya bushe ƙanƙarewa yake yi, ya tsage da zarar baho ya motsa. Silikon kuwa zama yake kamar roba, yana miƙewa yana dawowa.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai wari mai tsami da ke hawa hanci, wanda ya dace da gilashi da tayil mai sheƙi, amma ba ya kama siminti da kyau, yana kuma cin wasu ƙarafa. Akwai marar wannan wari, wanda shi ya fi dacewa inda za a haɗa da filasta ko daɓen siminti, kamar yadda yawancin makewayinmu suke. Ko wanne za a saya, a nemi na banɗaki mai maganin funfuna, a kuma duba kwanan wata, domin yawancinsu ba sa wuce shekara guda a ajiye, zafin watan Afrilu da ke kaiwa digiri 40 a cikin shago kuma yana ƙara rage musu kwana. Kada a bi mai araha, domin araha ba ta ado.

Cire tsohon

Nan ne rabin aikin yake. Sabon silikon ba ya kama tsohon da ya yi datti. A sa reza ko siririyar wuƙa a yanka ta sama, a yanka ta ƙasa, a kwantar da kaifin don kada a karce baho, sannan a ja. Ragowar da ta maƙale a kankare ta da gefen tsohon katin roba. Idan akwai baƙin funfuna a wanke da sinadarin wanki irin su Hypo ko Jik, a buɗe taga, kada kuma a haɗa shi da kowane irin ruwan batir ko sinadarin wanke masai, domin hayaƙin da ke tashi guba ne. A ɗauraye, a goge da sifirit, a bar wurin ya bushe ƙarau. Kwana guda ba a shiga ba ya fi gaggawar da za ta jawo a sake aikin baɗi.

Sa sabon

Idan bahon wanka ne, a cika shi da ruwa tukuna. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, nauyin zai sa bahon ya zauna, tsagar ta buɗe iyakarta. Idan aka shafa a kan bahon da babu komai a ciki, ranar da nauyi ya hau shi layin zai yage. Kada ruwan nan ya tafi a banza. A ƙasar da ake sayen jarka daga 'yan garuwa, a kwashe shi a yi wanki da shi bayan an gama.

A manna salatif na takarda layi biyu, ɗaya a bango ɗaya a baho, a bar tazarar kamar milimita 5 zuwa 6. Tsagar da ta fi haka faɗi a fara cusa mata igiyar soso. A yanke bakin kwalbar a karkace daidai faɗin tsagar, a sa a bindigar silikon, a ja hannu sau ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa ba tsayawa. Sai a tsoma yatsa a ruwan sabulu kaɗan a bi layin a daidaita shi. Kada a yi amfani da yawu. A cire salatif nan take tun silikon yana ɗanye, domin cikin 'yan mintuna yake yin fata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne danshin iska ne ke busar da silikon, ba rana ba. Yakan bushe ne kimanin milimita 2 zuwa 3 a awa 24. Don haka a lokacin hunturu, da iskarmu ke bushewa ƙayau, ya fi ɗaukar lokaci, ga ƙura mai manne masa. A rufe taga bayan warin ya fita, a ba shi kwana biyu.

Shawarwari

Na farko, masu gida su riƙa duba layin silikon duk shekara kafin ruwan Yuni, lokacin da ake gyaran rufi. Na biyu, masu aiki su gaya wa mai gida gaskiya cewa kuɗin cirewa daban ne, su kuma ƙi aikin ɗora sabo a kan tsoho. Na uku, ƙananan hukumomin Batsari da Safana su sa wannan dubawa cikin kulawar asibitoci da makarantu da wuraren alwala. Na huɗu, cibiyoyin da ke kusa da mu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, su taimaka da gajeren horo cikin harshen Hausa ga matasa masu koyon sana'a.

Kammalawa

Wanda ya san farashin buhun siminti a yau ya san abin da kwalbar silikon guda take tsare masa. Jama'armu sun sha wahala kafin su mallaki waɗannan gidaje, wasu ma sau biyu suka gina. Ina roƙon duk wanda ya koma gida ya durƙusa a banɗakinsa ya bi layin nan da farce. Idan farcen ya shiga, lokacin yaɓe ya yi.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu.