Jawabin Sakataren Gidauniya Kan Gayyar Matasa da Waƙafin Ruwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya rayar da kowane abu daga ruwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Garuruwanmu a bakin ruwa aka kafa su. Gulbin Gagare ya biyo ta Ƙauran Namoda ya gangara ƙasar Shinkafi, Bunsuru kuma ya biyo ta Zurmi, ruwansu ya taru ya zuba a gulbin Rima. Fadamunsu suka ciyar da kakanninmu tun kafin jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929. Da gayya magabata suke kula da wannan ni'ima: a yashe rijiya da rani, a gyara mashaya, a buɗe wa ruwa hanya kafin damina.

Yau yashi da leda sun cike magudanai, zaizaya tana cin gaɓar gulbi, 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu kuma sun ƙaru a kan rijiyoyin da dama ba su wadatar ba. Idan ruwa ya kwanta a unguwa, sauro da amai da gudawa suke biyo baya, kuma yara da marayu ne suke fara biyan kuɗin sakacinmu.

A bana samarin da wasu kwamitocin masallatai suka tara sun fito da shebur da baro, sun yashe magudanai, sun share bakin rijiyoyi, ba su nemi ko sisi ba. Allah Ya saka musu da alheri. Saurayin da ya saba da aikin gayya, da wuya mai mugun nufi ya ja shi daji.

Muna tunatar da masu bayarwa cewa waƙafin ruwa da kulawa yake rayuwa. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Zubaida matar Haruna Rashid ta jawo ruwa daga kwarin Nu'uman zuwa Arfa, alhazai suka sha fiye da shekara dubu, domin duk lokacin da hanyar ta toshe akan sami masu gyara ta. Mai haƙawa da mai yasa duk suna da rabo.

Ga wani hukunci da ya kamata a kiyaye. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a karkatar da ita ga ayyukan gari. Saboda haka daga waƙafi da sadaka kaɗai za a ɗauki nauyin wannan aiki.

Roƙonmu uku ne. Masu hali su waƙafta kayan aiki: shebur, diga, baro, igiya, takalman roba da safar hannu. Kowane kwamiti ya ajiye kayan a hannun amintacce da rubutaccen lissafi, ya tsayar da ranar gayya kafin ruwan farko, da sanin mai unguwa. Limamai kuma su yi shela ranar Juma'a, tare da gargaɗin kada wanda ba gwani ba ya shiga rijiya.

Allah Ya karɓa daga gare mu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Zamfara.